Saniyar Nora da Duwatsun da Ban Gani Ba

Tun da na dawo daga ƙasar Ailan ban ci abincin Juma'a cikin kwanciyar hankali ba. Al'adarmu ce a nan Riyad, in an sakko daga masallaci mu haɗu a ɗakin Injiniya Lawal a Gubaira, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, a ajiye tiren kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, a tsakiya. Da na kai hannu sai wani ya ce, "Dakta, wai da gaske ne sai ƙarfe goma rana take faɗuwa a can?" Kafin in gama amsawa an cinye naman. Juma'a biyu ke nan ina tashi da shinkafa zalla. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta a ɗakinsa.

Ga wanda takardar nan ta faɗa hannunsa bai san ni ba, sunana Haruna, mutumin Funtuwa, likitan dabbobi. Shekara uku ke nan ina aiki ƙarƙashin wani attajiri, Abu Fahad. Shi ne kafilina, wato shi ya ɗauko ni, sunansa ke kan iƙamata, katin izinin zamana, fasfona kuma yana kwana a durowarsa. Kun san yadda garin nan ya koma tun da arzikin mai ya ɓarke: ka kwanta kusa da fili, ka tashi kusa da bene. Kowane attajiri da abin da ya sa a gaba, wani siminti, wani motoci. Shi Abu Fahad madara ya sa a gaba. Ya ce ba zai mutu yana shan ta gwangwani ba. Ya haƙa rijiyoyi a hanyar Kharj, ya kafa rumfuna da fankoki, saura shanu. Aka ce masa na Ailan sun fi na ko'ina nono. Ya kira ni ofis, ya buɗe durowa, ya miƙo mini fasfona kamar mai ba da aron abin da yake tsoron a ɓatar masa, ya ce, "Ya daktur, je ka duba mini su ɗaya bayan ɗaya. Mai tari kada ka kawo ta."

Daga Riyad sai Landan, daga Landan sai Dablin. Jami'in da ke duba fasfo a Dablin ya daɗe yana jujjuya nawa, don hatiman Larabci sun cika shi, bai san ina ne sama ba. Ya ce, "Kai daga Najeriya kake ko daga Saudiyya?"

Na ce, "Duka biyun."

"Me ya kawo ka?"

"Shanu."

Na zaci zai yi dariya ko ya kira na gaba da shi. Sai ya ajiye hatimi ya gyara zama ya ce, "Wane iri?" Muka yi kusan minti goma muna maganar shanu, layi yana tsaye a bayana, ba wanda ya yi tsaki. Da zai buga hatimin ya ce yana da kawu fada, wato limamin coci, a Najeriya, ko na san shi? Na tambayi garin, ya ce bai sani ba, amma dogo ne. Wannan tambayar ku riƙe ta, don kusan duk wanda na gamu da shi a ƙasar nan yana da kawu fada a Najeriya.

Kafin in fita aka yi sanarwa cewa duk wanda ya taka gona ko garke kwanan nan ya je wani ɗaki. Jirgi guda, ni kaɗai na je. Wani mutum mai farar riga ya yi murna da ganina ƙwarai, da alama ya kwana biyu bai samu kowa ba. Ya fesa wa takalmana magani har safata ta jiƙe. Haka na shiga Ailan ina warin asibiti.

Jirgin ƙasa ya kai ni Limarik, bas ta ƙarasa da ni wani ɗan gari inda dillalin da zan yi aiki da shi ya kama mini masauki. Ba otal ba ne. Gidan wata gwauruwa ce, Misis Dolan, ta haura sittin, tana saukar da baƙi a ɗakunan 'ya'yanta da suka tashi. A ɗakina akwai hoton da suke cewa na Annabi Isa ne, da 'yar jar fitila a ƙarƙashinsa, kuma daidai bangon alƙibla. Na yi ta tunanin yadda zan faɗa mata ba tare da na ɓata mata rai ba. Da na faɗa, sai ta hau kujera ta sauke shi da kanta, ta ce dama ya fi shekara ashirin bai canza ɗaki ba.

Da safe ta kawo mini faranti. Alade ne iri uku: yankakke, naɗaɗɗe, da wani baƙin abu kewayayye da ta ce jini ne aka dafa da hatsi. Na yi mata bayani. Ta zauna a kujera ta dafe ƙirji ta ce, "Ko kaɗan? Ko ran Lahadi?" Na ce ko ran Lahadi. Ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa maraya. Daga ranar sai ƙwai da kifi da dankalin Turawa. Na taɓa ganin dankali iri uku a faranti ɗaya, dafaffe da dakakke da gasasshe, kamar a ba ka tuwo da miyar tuwo.

Shayi kuwa ba a ƙin sa. In ka ce a'a, sun ɗauka kunya ce irin tamu, sai a sake tambaya, a sake, har ka gaji. Ni kuma zaman Riyad ya saba mini da girgiza finjali in na ƙoshi da gahawa. Ran farko na girgiza mata kofi. Ta ɗauka sanyi ne ke kaɗa mini hannu, ta hau sama ta ɗauko mini rigar sanyin marigayi mijinta, sannan ta cika kofin.

Kwana tara na yi ina bin garke-garke. Dillalin shanu duk inda yake a duniya ɗan'uwan na kasuwar Funtuwa ne, sai dai na Ailan in an daidaita yakan tofa yawu a tafin hannu ya tafa da naka. Na gama aikina ran Asabar, jirgina kuma sai Talata. Misis Dolan ta ce abin kunya ne mutum ya taso tun daga ƙasar Larabawa ya koma bai ga komai ba sai bayan shanu. Ta ce akwai wasu duwatsu a bakin teku, sunansu Moha, inda ƙasa take yankewa tsaye ta faɗa ruwa, daga ko'ina ake zuwa kallonsu. Ƙanen mijinta Shemus zai kai ni. Shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, yana da mota, ba shi da abin yi.

Ran Lahadi bayan sun dawo daga coci Shemus ya zo. Gajere ne, jajir, da hular ulu da ban taɓa ganin ya cire ba sai sau ɗaya. Ni kuwa na fito da farar shaddata ta Sallah, kaftani da wando, na kafa zanna, na rataya kyamarar da Injiniya Lawal ya ara mini. Niyyata in yi hoto a bakin duwatsun in aika gida. Shemus ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi sama, ya ce, "To."

Na tambaye shi nisan wurin. Ya ce nan ne ƙasa kaɗan. Mun tashi ƙarfe goma sha ɗaya.

Hanyar faɗinta na mota ɗaya ne, dama da hagu katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai Shemus ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, wancan ma ya ɗaga. Gaisuwar ke nan, ba ina gajiya ba ina iyali. Amma in ya san mai motar, sai su tsaya a tsakiyar titi, taga da taga, su kashe inji, su lissafa duk wanda ya mutu a makon. Wanda ya zo a baya ya jira. Na tuna hanyar Batha a nan Riyad, inda in fitila ta nuna kore ba ka motsa ba cikin ƙiftawar ido, sai ka ji ham har daga unguwar gaba.

Wuri na farko da ya tsayar da mu wani dogon kango ne na dutse, ba rufi, hankaki sun yi sheƙa a ciki, tumaki suna kiwo a zaure. Ya ce gidan wani sarki ne shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Na ce me ya hana a gyara? Ya ce ai in an gyara ba wanda zai zo kallo. Ga wasu Amurkawa kuwa suna ta ɗaukar hoto. Na yi tunanin kangon kakana da ke bayan gari, wanda muke jin kunyar nuna wa baƙo.

Na biyu wata 'yar rijiya ce a gindin bishiya, an ɗaure wa rassanta tsummoki kala-kala. Shemus ya ce ta wani waliyyinsu ce, tana maganin ciwon ido. Na ce a garinmu ma akwai tsamiya mai irin wannan aikin, amma malamai sun hana. Ya ce su ma fada ya hana. Sannan ya tsoma yatsa ya shafa a idonsa.

Daga nan muka ratsa wani tudu da ke cike da ƙananan kufai, ɗakuna ba rufi, ciyawa ta fito a murhu. Nan bai tsaya ba, kuma bai ce in ɗauki hoto ba. Da na tambaya sai ya ce yunwa ce aka yi zamanin kakannin kakanninsa, dankali ya ruɓe a ƙasa, waɗanda ba su mutu ba suka hau jirgin ruwa. Ya ce, "Tun daga lokacin muke tafiya. Mun saba." Ya yi shiru har muka sauka tudun. Shirun da na ji ya yi ke nan a duk yinin.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka soma yayyafi, muka tsaya cin abinci a wani ƙauye. Wurin cin abinci ɗaya ne, kuma gidan giya ne. Na ce ni dai ba zan shiga ba. Shemus ya ce ba damuwa, gaban gidan kanti ne, ana sayar da ƙusa da igiya da abincin kaji, giyar tana ciki. Aka zaunar da ni a kan buhun dusa, aka kawo mini burodi da cuku da shayi. Mutanen ciki suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kowa da kofinsa a ɓoye a bayansa don girmamawa, su gaishe ni, su tambayi kawunsu fada. Wani ya tambaya ko gaskiya ne a Saudiyya kowa yana da rijiyar mai a bayan gida. Na ce ni ɗakin haya nake. Suka koma maganar ruwan sama, suna ta tsine masa, wai ya hana su shanya ciyawa. Na ce musu a inda nake aiki, in ruwa ya daɗe bai zo ba, sarki da talaka suna fita fili su yi salla su roƙe shi. Can wani tsoho mara haƙori ya ce, "Ka ce musu su zo da bokiti."

Muka ci gaba. Shemus ya ce yanzu kam nan ne ƙasa kaɗan. Ba mu yi minti ashirin ba, muna shan wata kwana, sai ga tsohuwa tsaye a tsakiyar titi da baƙin mayafi, ta ware hannuwa biyu. Shemus ya taka birki, kyamarar Injiniya ta bugi gilashi. Injiniya, tsagewar da ke jikin murfin daga nan ta samo asali.

Ta zo taga tana haki. Shemus ya san ta, don shekara da shekaru shi ke kai mata wasiƙa. Sunanta Nora. Saniyarta ce take naƙuda tun da asuba, abu ya ƙi fitowa. Ta aika a kira likitan dabbobi, aka ce ya tafi kallon wasa wani gari, sai dare. Maƙwabcinta da ya iya irin wannan aikin yana asibiti. Awa biyu ke nan tana tsaye a titi, mu ne mota ta farko.

Shemus ya juyo ya dube ni, ya juya ya dube ta, ya ce, "Nora, ba za ki yarda ba. Wannan likitan shanu ne daga ƙasar Larabawa."

Ta leƙo ta kalli zannata da farar shaddata. Ta ce, "Ko daga wata ya faɗo ban damu ba. Yana da hannu?"

Muna bin ta a ƙafa ta wata 'yar hanya mai taɓo, Shemus ya rage murya ya faɗa mini sauran. Mijinta ya rasu shekara shida. 'Ya'yanta biyar duk suna ƙasashen waje. Babban, wanda ke Boston, ya daɗe yana so a kai ta gidan tsofaffi a Limarik a rufe gidan nan. Hujjarta ɗaya da take ba shi, wa zai tatsi saniya? Ya ce, "In saniyar nan ta mutu yau, kafin sanyi ya shigo an ɗauke Nora."

Ɗakin saniyar na dutse ne, duhu, a manne da ɗakin kwanan tsohuwar. 'Yar baƙar saniya ce ƙarama, ba irin manyan da na zo dubawa ba. Tana kwance ta miƙe wuya, idonta ya faɗa, numfashi sama-sama. Na duba bayanta: ƙafa ɗaya ta leƙo da ɗan hanci, harshe ya fara kumbura. Ɗaya ƙafar ta maƙale a baya. Ba ni da komai, jakar aikina tana gidan Misis Dolan. Na ce a ba ni ruwan zafi da sabulu da igiya mai laushi. Na cire zanna da kaftani na ba Nora, ta karɓa da hannu biyu ta kai cikin gida. Na durƙusa a cikin kashin shanu da wandon shadda.

Ɗaliban da ke cikinku ba su san wannan aikin ba, bari in faɗa a taƙaice. Ba ja ake yi ba. In ka ja a haka ka kashe uwa da ɗa. Sai ka mayar da maraƙin ciki tukuna, ka samu wuri, ka bi kafaɗarsa da hannu har ka kamo gwiwar da ta maƙale, ka rufe kofaton da tafin hannunka don kada ya yaga mahaifa, sannan ka juyo da ƙafar gaba. Ita kuwa saniyar ba ta san taimakonta kake ba. Duk lokacin da ta yi nishi sai ta matse maka hannu a jikin ƙashi har ka ga taurari.

Shemus ya riƙe wutsiya, ya kau da kai bango, yana jan addu'o'insu. Nora ta zauna a ƙasa ta ɗora kan saniyar a cinyarta tana yi mata magana da wani harshe da ba Turanci ba, nasu na asali. Ni ma na tsinci kaina ina lallashinta da irin kalmomin da na koya wajen Fulanin da na yi wa aiki a Malumfashi. Ban san wanne ta ji ba.

Sau uku ina kamo gwiwar tana kuɓucewa. Hannuna ya mutu, na fitar na tsoma a ruwan zafi na mayar. A na huɗu na kwanta rubda-ciki, kuncina a jikin cinyarta, na samu kofaton. Na jira ta gama nishi, na ce bismillahi, na juyo da shi. Da na ga ƙafafu biyu a waje sai na ɗaura igiya, na ce wa Shemus ya saki wutsiya ya kama, in na ce ja ya ja, in na ce tsaya ya tsaya. Ya ja kamar mai jan jirgin ruwa. Maraƙin ya sulluɓo gaba ɗaya, Shemus ya zauna daɓas a cikin bokiti.

Ba ya numfashi. Na share masa majina daga hanci da baki, na murza ƙirjinsa da ciyawa, shiru. Na soka masa tsinken ciyawa a hanci, shiru. Na ɗaga shi ta ƙafafun baya na rataya a kan ƙyauren ɗakin, ruwa ya zubo daga bakinsa, na sauke, na ɗebo ruwan sanyi na zuba masa a kunne. Ya girgiza kai. Ya yi atishawa.

Nan ne Shemus ya cire hula. Ashe sanƙo ne da shi.

Na duba na ce mace ce. Nora ta jawo maraƙar ta kai gaban uwar, uwar ta ɗago kai da ƙyar ta fara lasa. Muka tsaya har saniyar ta miƙe, har na ga maraƙar ta kama nono ta sha dakashi. Sannan tsohuwar ta juyo ta dubi wandona ta ce, "Wannan ya gama aiki."

Ta ba ni ruwa na wanke jikina a bayan gida, ta ɗauko mini wandon marigayi mijinta na ulu. Mutumin gajere ne, wandon ya tsaya mini a ƙwauri. Na ce ina so in yi salla. Ta shimfiɗa mini sabon bargo a ɗakinta, ta kori karenta waje, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi har na haɗa azahar da la'asar na sallame.

Muka zauna a bakin murhu. Ba itace suke ƙonawa ba, wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa daga fadama kamar tubali su shanya. Ta dafa shayi, ban ko yi yunƙurin ƙi ba. Bangon ɗakin duk hotuna ne. Ta bi su da yatsa: wannan Boston, wannan ma Boston, wannan Ingila, wannan Ostareliya, wannan 'yar autar tana aikin jinya a Landan. Ga jikoki da ba ta taɓa ɗauka ba. Ta ce yaran kirki ne, ba sa fashin wasiƙa.

Sai ta ce, "Kai fa, mahaifiyarka tana da rai?"

Na ce tana nan.

"A ƙasar Larabawan?"

Na ce a'a, tana Najeriya. Ni ma aiki ya kai ni can.

"Yaushe rabonka da ita?"

Na ce shekara uku. Na yi sauri na ƙara da cewa ina yi mata aike duk lokacin da alhazai za su koma: atamfa, dardumar salla, agogo. Na ce yanzu ma na saya mata rediyo mai kyau, yana ɗakina ina jiran mai tafiya.

Nora ta nuna mini kanta a bayan kujerata. Na waiwaya. Rediyo uku ne a jere, an rufe kowanne da ɗan ƙyalle mai ado. Ta ce, "Kowa rediyo."

Shemus ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Ta ce, "Tana da saniya?"

Na ce awaki ne da ita, huɗu.

"In sun yi ciwo wa ke duba su?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, so take ta sani kawai. Ni kuwa na tuna wasiƙar ƙanwata ta watan Rajab. A ƙarshenta ta rubuta cewa jar akuyar Inna ta yi kwana shida tana zawo ta mutu, Inna ta ƙi cin abinci ranar. Na amsa wasiƙar shafi biyu, maganar akuyar layi ɗaya na ba ta: Allah ya mayar da alheri. Ƙwayar da za ta warkar da ita tana cikin jakata da yawa, ina ajiye ta don shanun Abu Fahad da ba su ma iso ba. Ban faɗa wa Nora wannan ba. Na ce akwai maƙwabta. Ta gyaɗa kai ta ce, "Akwai maƙwabta," ta ƙara mini shayi.

Da za mu tafi ta naɗe mini curin man shanu a takarda, da ƙwai shida a cikin tsohuwar safa. Ta rako mu har titi. Ba ta yi godiya mai tsawo irin tamu ba. Ta kama hannuna na dama, wanda ya kumbura, ta riƙe shi da nata biyu na ɗan lokaci, sannan ta ce wa Shemus ya yi tuƙi a hankali saboda ƙwan.

Mun isa duwatsun ƙarfe bakwai na yamma, gari da sauran haske sosai. Sai dai hazo ya sauko daga teku ya rufe komai. In na miƙa hannu da ƙyar nake ganin yatsuna. Ina jin ƙugin ruwa can ƙasa da kukan tsuntsaye, shi ke nan. Shemus ya kama gefen kaftanina don kada in yi gaba, ya tsaya yana nuna mini farin hazo da yatsa. Ya ce nan akwai wani dutse mai tsini, can akwai hasumiya, in ka dubi wancan gefen kana hango tsibirai uku. Na riƙa bin yatsansa ina cewa madalla. Ya ce ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, ko? Na ce gaskiya ban taɓa gani ba.

Ya ɗauke ni hoto. Na kai an wanke a Batha, Bayamanen mai shagon ya tambaye ni ko kyamarar ta lalace ne. Mutum ne tsaye da zanna da farin kaftani da wandon ulu iya ƙwauri, bayansa fari fat. Shi ne hoton da na zagaya da shi kuka ce bango ne.

Ran Laraba na shiga ofishin Abu Fahad. Ya rungume ni, ya tambayi shanu, na ce duk na duba, babu mai tari, jirgin ruwansu zai iso bayan wata ɗaya da rabi. Ya buɗe durowa ya miƙo hannu. Ban ba shi fasfon ba. Na ce ina son bizar fita da dawowa.

Ya ce, "Ya daktur, jiya ka dawo."

Na ce wannan gida za ni, wajen mahaifiyata.

Ya ce, "Bukra, in sha Allah." Kun san tsawon bukra, wato gobe, a garin nan. Na ci gaba da zama. Ya amsa waya biyu, ya sa hannu a takardun wani ɗan kwangila, ya ɗago ya tarar ina nan.

Ya ce, "Ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, iya sanina. Sanin nawa kuma ya kai wata uku."

Shi tasa mahaifiyar a gidansa take, ba ya fita da safe sai ya shiga ya sumbaci goshinta. Sannan ya jawo takarda ya rubuta mako uku, ya ce in shanu suka riga ni isowa, shi da ni ne.

Bizar ta fito shekaranjiya, Alhamis mai zuwa zan tashi ta Jidda zuwa Kano. Akwatina a ɗaure yake, rabinsa maganin tsutsar awaki ne da sirinji. Rediyon yana nan a kan teburina cikin kwalinsa, wanda yake so ya zo ya ɗauka.